Ranar da Aka Ce wa Inna Bush

Turanci nake koyarwa a wata makaranta a Bungudu, da shi nake ci da shi nake sha, amma wallahi akwai ranakun da nake jin kamar in tattara shi in watsa a kwata. Harshe ne marar alƙawari. Akuya a bakin masu harshen da safe dabba ce, da rana zagi ce, da yamma a gidan kallon ƙwallo kuma kirari ce, wai gwanin gwanaye. Ɗan tsako ma in ka bi diddigi budurwa ake nufi. Da can dariya abin yake ba ni, har ina kawo wa ɗalibai misali ina jin daɗi. Ban daina dariyar ba sai da abin ya shigo mini tsakar gida.

Mahaifiyata, Inna, mutuniyar wani ƙauye ce bayan Bilbis, a ƙasar Tsafe. A can aka harbe mahaifinmu a gona yana tsakiyar huɗa. Mu a wajenmu ba a ambaton waɗanda suka yi wannan aiki, sai dai a rage murya a ce mutanen daji. Kalmar ma sun lalata mana ita. Dajin da na sani ina yaro wurin itace ne da kiwo da tsintar kanya, yanzu kuwa in aka ce daji gabanka ne yake fara faɗuwa.

Bayan ta fita takaba na sha baƙar wuya kafin ta yarda ta biyo ni Gusau. Na roƙa, na tura mata kawunnaina, na yi fushi, na dawo na sake roƙo. Buƙatata ɗaya ce tak, tsohuwar nan ta kwanta a inda ba a kwana da takalmi a ƙafa don jiran gudu.

Ta zo, amma Inna ba ta iya zama hannu sake ba. Sai ta ɗora wa kanta ɗauko 'yata daga makaranta. Makarantar kuɗi ce, irin wadda ake hukunta yaro in an kama shi yana Hausa, kamar ya yi sata. Da damina ta kankama tafasa ta fito a bakin katangar makarantar, lafiyayya, ba mai kula ta. Inna ta ga abinci yana lalacewa a banza. Kullum tana jiran a tashi yara sai ta duƙa ta tsinka ta cika bakin zanenta, iyayen yara suna cikin mota suna kallonta ta gilashi.

Wata ranar Alhamis na dawo daga Bungudu na tarar da Inna a kan tabarma tana gyaran tafasar a faifai. Yarinyar kuwa tana tsaye ta cika ta yi fam, ko jakarta ba ta sauke ba. Wai ƙawayenta sun yi mata dariya, sun ce kakarta ciyawa take ci.

"Baba, ka hana ta zuwa," in ji ta. "Wallahi Inna bush ce."

Na san abin da take nufi sarai. Bagidajiya, 'yar ƙauye, wadda ba ta waye ba. Inna kuwa dariya ta yi, ta zaci wasan jika da kaka ne, ta ce, "Mi tac ce, ja'irar?" Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na daka wa yarinyar tsawa, na ce in ta isa ta maimaita da Hausa kowa ya ji. Ta yi tsuru-tsuru tana neman mafita, sai ta tuna karatun da nake mata a gida.

"Baba, ai kai ka ce kalma ɗaya tana da ma'ana da yawa. Ni ba zagi na yi ba. Cewa na yi Inna mutuniyar daji ce."

Ita a tunaninta ta zaɓo ma'anar da ba ta da laifi, ta itatuwa da tsuntsaye, wadda ke cikin littafinta mai hotuna. A Gusau aka haife ta, ba ta taɓa kwana a cikin gero don tsoro ba. Hannun Inna ya tsaya cak a kan faifan. Ta tashi ta shige ɗaki.

Na bi ta ina ta zuba bayani kamar ina gaban allo. Na ce kalmar tana nufin ƙaramin itace mai duhuwa, tana nufin jeji, har gashin da ya yi yawa ana kiransa haka, su kuma yaran birni sun mayar da ita ba'a. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni, to a cikin waɗannan duka wacce ce ita? Duk wadda na ɗauko ƙaya ce a jikinta.

Yarinyar ta durƙusa tana kuka da ta fahimci abin da ta faɗa. Inna ta shafa kanta ta ce ta yafe, ƙuruciya ce. Kuma na yarda ta yafe ɗin. Shi ya sa har yau na rasa wanda zan shaƙe. Yarinyar da ta maimaita abin da aka cusa mata? Ko malaman da suka koya mata jin kunyar harshen kakarta? Ko matan nan na cikin mota, da za su sayi kwaɗon tafasar nan a roba su ci suna lashe yatsa, amma wadda ta tsinko ta ita ce abin dariya? Mutanen da suka raba Inna da gonarta da mijinta suna can suna yawonsu, ita ce aka wayi gari an laƙa wa sunansu a gidan ɗanta.

Ba a yi mako ba ta ɗaure kayanta. Na ce hanyar Tsafe ba lafiya, ta ce ta sani. Na ce gidan ba kowa, ta ce akwai Allah. Na kafe, ita ma ta kafe, kuma ita ta haife ni. A tasha, direba yana ɗaure ƙullinta a bayan mota, na sake gwadawa, na ce Inna don Allah, kalma ce fa kawai.

"Bar ni in koma," ta ce. "Can in an ce daji, na san wa ake nufi."

Ta bar wa jikarta busasshiyar tafasa a leda, ta ce a riƙa yi mata kwaɗo don tana so. Ledar tana nan a rataye, yarinyar ta hana kowa taɓawa. Ni kuwa kowace safiya kafin in hau motar Bungudu in je in koyar da Turanci sai na kira Inna, in ji ta ɗauka tukuna hankalina ya kwanta. Yau tun da asuba nake kira, wayar ba ta shiga.