Gaisuwar Da Na Ce a Goge

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya kuɓewa, labari ya iso ƙauyenmu daga Minjibir cewa Malama Ikilima ta rasu bayan jinyar kwana shida. Aka yi mata sutura bayan Azahar.

Malama, ni ce Rukayya, uwar Aina'u, wadda ta fi kowa yi miki gardama. Yau gardama ta ƙare, saura shaida.

Lokacin da kika san mu, Aina'u tana da shekara bakwai, ba ta taɓa gaida kowa ba. Za ta wuce kakarta, Inna, kamar ta wuce turmi. A garinmu kuwa yaron da ba ya gaisuwa uwarsa ake zagi, na kuma sha zagin har na ƙoshi. Wasu suka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. A asibiti a Kano aka ce galahanga ce, lalurar da ke sa yaro ya kasa cuɗanya da mutane. Na dawo da suna, ban dawo da dabara ba.

Ke kika zo da dabarar, daga firamaren da kike koyarwa. Wata ƙatuwar waya ce da Inna ta raɗa wa suna allon gilashi. Kika bi gida-gida kina ɗaukar hotunan mutanenmu da muryoyinsu. Idan Aina'u ta taɓa fuskar Inna a jikin allon, sai ta ji: "Ina kwana, Aina'u?" Allon ya yi shiru, ba zai ci gaba ba sai ta amsa. Idan ita ta gaishe shi, dole ta jira amsarsa. Duk Alhamis kike tara yara shida masu irin lalurarta a gindin darbejiyar makaranta. In sun saba da allon sai ki kife shi, ki zaunar da su biyu-biyu su gaisa. Kullum cewa kike allon tsani ne kawai, mutum ake so su kai.

Gaisuwarta ta farko akuyarmu ta yi wa, da magariba, ta ce mata ina kwana. Na zo miki da ƙorafi, kika yi dariya har da hawaye. "Ai ta gaisa, Maman Aina'u. Saura mu gyara mata lokaci da mai amsawa." Bayan wata biyu ta durƙusa gaban Inna ta gaishe ta, tsohuwa ta rasa inda za ta sa kanta don murna.

Sau ɗaya na yi fushi da ke sosai. Na ga hoton tabarmi da mutane zazzaune a allon, na taɓa, sai na ji muryarki: "Ya haƙuri?" Ashe kowa ya ƙi a ɗauki muryarsa yana gaisuwar mutuwa, kika ɗauki taki. Na ce fatan me kike mana, a goge. Kika ce, "Wanda ya iya barka bai iya ta'aziyya ba, rabin gaisuwa ya iya." Ba ki goge ba, ni kuma na yi sati biyu ina gaishe ki sama-sama.

Da kika rasu, ban ɓoye ba, tsorona ya kai baƙin cikina. Na ɗauka bakin Aina'u zai bi ki, don ba ta taɓa yin gaisuwa cikin taro ba sai kina kusa. Ranar sadakar uku na tafi da ita gidanku, ba allo, ba ke. Gidan ya cika da mata, Aina'u ta toshe kunnuwanta, na fara neman hanyar fita. Sai ta saki hannuna, ta ratsa tabarmi, ta durƙusa gaban mahaifiyarki, Hajiya Sadiya.

"Ina wuni? Ya haƙuri?"

Yadda kike jan kalmar, haka ta ja ta. Kuka ya hana Hajiya magana. Aina'u kuwa ba ta tashi ba, tana durƙushe tana jira, don kin koya mata ba a tashi sai an amsa. Da ƙyar Hajiya ta ce, "Da godiya, 'yata."

"Allah ya jiƙan ta," in ji Aina'u.

Gidan duka ya ce amin.

Allon yana hannun abokin aikinki, Malam Sabiru, yaran kuma sun koma gindin darbejiya ranar Alhamis ɗin da ta wuce, har an ƙaru da biyu. Na roƙe shi kada ya goge komai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sadiya, da maigidanki Malam Khalilu, da 'ya'yanki uku. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da kika bari. Allah ya gafarta miki, ya yafe mini fushin sati biyun nan, ya haskaka makwancinki. Yadda kika koya wa 'ya'yanmu sallama, Allah ya sa mala'ikun rahama su tarbe ki da ita a ƙofar Aljanna. Amin.