Takardar Da Na Karanta Wa Alhaji Mu'azu

Kafin a kira ni ɓarawo, a unguwarmu Rafin Guza "yaron nan mai littafi" ake ce mini. Mahaifina direban tifa ne, ya zo Kaduna daga Katsina tun yana saurayi, mutum ne mai faɗa da dariya. Ban gado shi ba. Idan baƙi suka shigo gidanmu sai na rasa inda zan sa kaina. A makaranta ban taɓa ɗaga hannu ba ko da na san amsa, amma littafina ne kowa ke aro lokacin jarrabawa, domin ba na barin ko aya ɗaya ta zauna inda ba gurinta ba. Ku nake rubuta wa, matasa, musamman masu shiru irina waɗanda iyaye ke nunawa suna cewa "wannan ba ruwansa". Ni ma haka aka riƙa faɗa a kaina, kuma shekara uku na yi a gidan yari.

Ina karatun aikin ofis a kwalejin kimiyya da fasaha aka tura ni shekarar koyon aiki wani babban kamfani mai tatsar man waken soya da haɗa abincin kaji. Masana'antarsa da rumbunan hatsinsa suna wajen Mando. Masu hannun jarinsa da yawa tsofaffin malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati da suka sa kuɗin sallamarsu a ciki. An ajiye ni ofishin sakataren kamfani, Barista Lawal, mutum mai ƙamshin turare da saurin magana. Tun ranar farko ya raɗa mini suna Farfesa.

Aikina rubuta minit, wato bayanin abin da aka faɗa da abin da aka yanke a taron daraktoci da kwamitoci. Barista ya ce mini, "Farfesa, a kamfani abin da ba ya cikin minit bai faru ba. Wanda yake ciki kuwa ya faru, ko da ba wanda ya gan shi." Na ɗauka darasi yake koya mini. Ashe ƙofa yake nuna mini.

Daga cikin manyan nan, mutum ɗaya ne ke karanta abin da na rubuta: Alhaji Mu'azu, tsohon oditan gwamnati, wanda masu hannun jari suka zaɓa ya shugabanci kwamitin binciken kuɗi. Sauran sa hannu suke yi su karɓi alawus su ci kaza su tafi. Shi kuwa da rula da jan biro yake zuwa. Wata rana ya tsayar da taro ya tambayi wa ya rubuta minit ɗin baya. Aka nuna ni. Ya ce, "Yaro, rabon da in ga aiki mai tsafta haka tun ina ma'aikata." Ran nan ban ci abinci ba don murna.

Abin ya fara ne da layi biyu. A wani taro Alhaji ya tambayi dalilin da ya sa kamfani ke sayen waken soya a hannun ɗan kwangila ɗaya tilo. Na rubuta. Barista ya kira ni ya ce, "Cire wannan. Ba ƙarya za ka yi ba, gyara harshe ne. Kana so a ce dattijo ya ci fuskar Manajan Darakta a rubuce?" Na ce, "Yallaɓai, ai ya faɗa." Ya yi dariya. "Ya yi tari ma, ka rubuta?" Na cire. Na jira Alhaji ya kama ni da jan bironsa a taro na gaba. Bai kama ni ba. Satin nan Barista ya ba ni sabuwar kwamfuta ta hannu, ya ce da zarar na gama makaranta kujerata na jirana.

Ba da jimawa ba na gane dalilin da ya sa ba a kama ni ba. Alhaji ya ce in same shi gidansa a Unguwar Shanu ranar Asabar da hantsi. Gida ne tsoho, irin na ma'aikatan da, da bishiyar darbejiya a ƙofa. Matarsa Hajiya ta kawo mini kunun gyaɗa. Da muka zauna mu biyu ya ce, "Ɗana, a 'yan watannin nan idanuna sun tafi. Ina ganin inuwar mutum, ba na ganin harafi. Rular nan da nake riƙewa a taro, riƙe ta kawai nake yi. In suka sani za su ce in sauka, in na sauka kuwa wallahi za su cinye kamfanin nan kamar gara. Ka riƙa zuwa kana karanta mini kafin in sa hannu. Daga ni sai Hajiya sai kai."

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda ba mai ji."

Haka muka riƙa yi. Kwafi biyu nake kai wa, ɗaya a hannuna, ɗaya a cinyarsa. Ina karantawa yana juya shafi tare da ni, yana tsayar da ni yana tambaya. In mun gama sai in kama yatsansa in ɗora a kan layin sa hannu.

Ba a sayi sirrin nan daga gare ni ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kyauta na bayar. Wata rana Barista na ta ƙorafi a ofis yana cewa tsohon nan idonsa kamar na shaho. Ni da ban taɓa samun abin faɗa a gaban manya ba, sai na ji bakina na ƙaiƙayi. Na ce, "Yallaɓai, ai ba ya gani." Ya ajiye wayarsa a hankali. Ya ce, "Zauna, Farfesa." A rayuwata ba wani babba da ya taɓa sauraro na da dukkan hankalinsa kamar yadda ya yi ran nan, ni kuma wawa na ji daɗi.

Bayan 'yan watanni Manajan Darakta ya kawo abin da ya kira sabuwar dabara. Wai kamfani ya sayar da rumbunansa na Mando ya rage nauyi, sannan ya riƙa hayarsu daga wanda ya saya. An haska zane-zane a bango, an yi ta Turanci. Dokar kamfanin ta ce sai kwamitin Alhaji ya duba farashin ya amince. A zaman kwamitin Alhaji ya yi tambaya biyu: wa ya ƙiyasta darajar rumbunan, kuma su waye masu kamfanin da zai saya? Aka yi shiru. Ya ce, "To ban amince ba. A rubuta." Na rubuta. Ni na riga na sani, domin takardun sun bi ta teburina: kamfanin da zai saya na ƙanin matar Manajan Darakta ne, kuma farashin ko kuɗin ginin bai kai ba, balle fili.

Barista ya ce in shirya rahoto biyu. Ɗaya na gaskiya, ɗaya mai cewa kwamiti ya bincika, ya gamsu, ya ba da shawarar a sayar. Na ce ina jin tsoro. Ya ce, "Tsoron me? Wa ya cire layi biyun nan? Wa ya tona asirin dattijo? Ka riga ka shiga ruwa, Farfesa, saura iyo." Ya kuma ce Manaja ya yi alkawarin tura ni karatu waje.

Ina so ku san yadda na yi aikin, don kada wani ya ce tilasta mini aka yi. Kwana biyu na yi ina daidaita rahotannin nan biyu, har shafukansu suka zo daidai, duk inda na gaskiya ya ƙare shafi nan na ƙarya yake ƙarewa, don in Alhaji yana juyawa tare da ni kada yatsunsa su ji bambanci. Ba wanda ya ce in yi haka. Barista ma bai yi tunaninsa ba. Tsaftar aikin da Alhaji ya yaba, da ita na yanka shi.

Asabar da hantsi na sha kunun Hajiya. Na ɗora wa Alhaji na ƙarya a cinya, na karanta na gaskiya. Da na zo inda aka ce kwamiti bai amince ba, ya ce, "Maimaita mini nan." Na maimaita. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na kama yatsansa na ɗora a kan layi. Hannunsa ne ke rawa don tsufa. Nawa ko gezau.

Aka sayar da rumbunan. Shekara ta zagayo babu ribar da za a raba, domin haya ta cinye ta. A babban taron shekara zauren otal ya cika da tsofaffi, wasu sun taso tun daga Zariya da Kafanchan. Wata tsohuwar shugabar makarantar firamare, Malama Asabe, ta miƙe ta tambayi wa ya yarda a sayar musu da dukiya. Manajan Darakta ya ce cikin ladabi, "Wakilinku ne ya ba da shawara, Hajiya. Ga sa hannunsa."

Alhaji ya miƙe ya ce ƙarya ne. Aka miƙa masa takardar aka ce ya duba. Ya riƙe ta, ya kai ta kusa da fuska, ya daɗe. Sannan ya ce, "Jama'a, ba na gani. Na daɗe ba na gani." Zauren ya kaure. Wani ya ɗaga murya, "To uban me kake yi a kujerarmu?" Malama Asabe ta ce, "Mu'azu, nawa suka ba ka? Don mun san ka muka zaɓe ka!" Shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce, "A kira mini yaron da ke karanta mini. Shi zai gaya muku abin da ke ciki."

Har a lokacin ya yarda da ni. Barista ya turo ni gaban lasifika ya danƙa mini takardar. Da na buɗe baki na faɗi gaskiya a nan, da komai ya tsaya. Na karanta abin da ke rubuce, tiryan-tiryan, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Alhaji ya karkato da kunnensa wajena har na gama. Bai zage ni ba. Ya laluba kujerarsa ya zauna.

Wasu masu hannun jari suka kai ƙara, hukuma ta shigo. A kwamfutar da aka ba ni kyauta aka samu rahotannin biyu, da sunana a kan kowanne. Barista ya zama shaidar gwamnati, ya rantse da Alƙur'ani cewa wani ɗan koyon aiki ne ya yaudari ofishinsa. Manajan Darakta ya tafi neman magani ƙasar waje, har yau ana ɗage shari'arsa. Ƙasar wajen da aka yi mini alkawari, shi ya tafi, ni na tafi kurkuku. A gaban alƙali na faɗi komai, amma kada ku yaba mini. Sai da na ga ba mafita na faɗa. Mahaifina ya zo gidan yari sau ɗaya. Ya ce, "Ni da ban yi boko ba, yashi nake ɗauka, ban taɓa rage wa mutum shebur ɗaya ba." Bai kuma dawo ba.

A ciki na zauna ɗaki ɗaya da wanda ya saci janareta da wanda ya saci akuya biyu. Da suka ji labarina, mai akuyar ya ce, "Kai Malam, ni ko akuyar makaho ba na ɗauka." Ya janye tabarmarsa daga kusa da tawa. Ya yi daidai.

Da na fito, sati biyu ina zagaya Unguwar Shanu kafin in iya yin sallama. Hajiya ta ƙi amsa gaisuwata. Alhaji na zaune a zaure, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Kada ka ƙara ce mini Baba. Tsakanina da kai a gaban Allah na yafe, don ba na son in tsaya da kai ranar hisabi. Amma sunana fa? An ce kotu ta wanke ni. A takarda ta wanke ni. Su wa ke karanta takarda? A masallacin nan shekara ashirin ni ke riƙe makullin asusu, an karɓe. Jikata ana ce mata jikar mai rumbu. Daga bakinka suka ji ni ɓarawo ne. Ka je su ji daga bakinka cewa ba ni ba ne."

Tun ran nan abin da nake yi ke nan. Na koma karatu a jami'ar karatu daga gida, ina buga wa mutane takardu a wani shago a Kawo, duk Asabar kuma ina bin gidajen masu hannun jarin nan ɗaya bayan ɗaya, ni da ba na iya gaida baƙo. Ina yin sallama in ce, "Ni ne yaron da ya karanta takarda a taron nan. Alhaji Mu'azu bai amince ba. Ni na cuce shi, na cuce ku." Wasu sun tofa mini yawu. Wani ya ce shi ribarsa yake so, ba surutu ba. Wani ya yi kuka ya nemi a kai shi gidan Alhaji. Malama Asabe na fi son samu. Da na gano gidanta a Malali, ɗanta ya ce ta rasu tun ina tsare, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda a ambaci sunan Mu'azu a gabanta.

Ku da za ku shiga ofisoshin manyan kamfanoni da takardunku masu kyau, ku ji ni. Ba za a ce muku ku yi sata ba. Za a ce ku gyara harshe, ku cire layi, ku canza kwanan wata, kuma mai faɗar zai yi murmushi ya kira ku da suna mai daɗi. Ku ƙi tun a layin farko, ko da za a kore ku ran nan. Ku rubuta abin da aka faɗa kamar yadda aka faɗe shi. In wani ya ba ku amanar rauninsa, ku haɗiye ta, kada ku sayi kujera kusa da manya da ita. Manyan nan suna da lauyoyi da fasfo da likitoci a waje. Ku ba ku da komai sai sunanku a kan fayil. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Amma na tsaya a ƙofar Malama Asabe da gaskiya a bakina, kuma babu wanda zan faɗa wa.