Saje Umaru Bai Ga Akurki A Kan Tanka Ba

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Saje Umaru makwancinsa a Gwandu. Ni ba marubuci ba ne, walda nake yi a Kalgo. Amma bana ɗansa ya kawo mini tambayar da uban ne ya kamata ya amsa, kuma ba ya nan.

Yaya direban tankar yaƙi ne har ya yi ritaya. Ya dawo da kunne ɗaya a toshe da gwiwa mai ciwo, amma bakinsa bai gaji da zancen tanka ba. Yakan zauna a rumfata ina aiki, yana kwatanta su kamar mai tayin shanu.

A wurinsa babu tanka mai kyau, sai dai wadda aka rage wa wani abu don a ƙara mata wani. Ka kaurara ƙarfe, ta yi nauyi, gada ta ƙi ɗaukarta, laka ta riƙe ta. Ka rage ƙarfe don ta yi gudu, harsashi ya shige ta. Ya ce na farkon farko, mai tafiya a ƙasa ma yana iya jerawa da su, hayaƙin inji kuma yana sumar da na ciki tun kafin su ga abokin gaba. Jamusawa sun ƙera manya masu ban tsoro, amma da yawa lalacewa suka yi a hanya. Rashawa suka yi masu sauƙin gyara, suka yi su da yawa.

Ya tuƙa ta Rasha, ya tuƙa ta Ingila. Ta Rasha gajera ce, da wuya a hango ta, amma dogo irinsa sai ya naɗe kamar tabarma. Ta Ingila da ɗan sarari a ciki, sai dai ta fi tsayi, ana ganinta daga nesa. Na taɓa tambayarsa wadda ya fi so. Ya ce, "Kai dai yi waldarka. Wadda ta tashi in an murza ta."

To ga abin da bai gani ba. Yanzu a waya ana nuna ɗan jirgi maras matuƙi, bai fi faifai girma ba, ya sauko ta saman tanka, inda ƙarfen ya fi rauni, ya tarwatsa ta. Wata har kanta mai ɗauke da bindiga yake tashi sama, saboda harsasanta a ƙarƙashin mutanen da ke ciki aka jera su. Dabarar da sojoji suka samo kuwa ita ce su walda rodi da raga a samanta, sak akurkin kaji. Na tsayar da hoton na duba ɗinkin waldar, wallahi wani ɗinkin ko ƙofar shagona ba zan bari a fita da shi ba. Me Yaya zai ce? Dariya zai yi, ko zai ce zamanin tanka ya wuce? Zatona cewa zai yi, ai dama saman aka rage wa ƙarfe don a kaurara gaba, yau an zo karɓar abin da aka bari. Amma zato ne kawai.

Nasiru, babban ɗansa, yana son shiga soja, kuma ɓangaren tanka yake so. Uwarsa ta ce ya zo wurina, abin da na yanke shi ke nan. Na san dalilinta, ta tabbata zan hana.

Na nuna masa hoton, na ce, "Ka ga abin da kake son shiga? Tukunya ce da murfi."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Baffa, wagga raga ba za ta hana mutum fita da sauri ba in wuta ta kama?"

Ban yi wannan tunanin ba, ni da sana'ata ce. Muka ɓata yamma guda muna zane a ƙasa, ina za a sa ƙofa, wane rodi zai ɗauka. Ban san lokacin da na daina hana shi ba.

Yaya bai taɓa ce mini ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa aikin daɗi ne ba. Gona ɗaya ya bari a hanyar Dalijan, sai wannan ciwo na son sanin yadda aka haɗa abu da inda zai karye. Gonar an raba. Ciwon gaba ɗaya Nasiru ya ɗauka, kuma ban ga yadda zan cire masa shi ba.

Na ce ya tafi, Allah Ya tsare. Ranar Juma'a na je Gwandu na yi sallama a ƙofar uwarsa. Ta aiko mini da ruwa, amma ba ta fito ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Da kana nan, kai za ta yi wa fushin.