Layin Moiben

Shekara goma sha tara Mama Jeptoo ta yi a kamfaninmu na intanet a Eldoret, tana kula da layuka. Kowace safiya, kafin shayinta ya huce, sai ta bi garuruwa da kiran waya, ta gaida mutane, ta tambayi lafiyar layi. Ta san cewa a watan Maris garmar manoman masara ke tsinka wayoyin da muka binne.

Ni na sayo manhajar sa ido daga Nairobi, mai ƙaton allo: kore lafiya, ja matsala. A gaban kowa na ce mata, "Mama, gaishe-gaishen nan ya isa haka. Je ki huta, shanunki na jira." Aka yi dariya. Ta ɗauki kofinta, ta yi ritaya.

Layin wata makaranta a Moiben ya ishe ni da ƙara, yanzu ja, anjima kore. Sai na kashe masa ƙararrawa, na bar shi a kore, na manta.

Rannan sai ga Mama Jeptoo a ofis da goran nono.

"Kipkemboi, ɗana, yaya Moiben?"

Na nuna allo. "Ga shi nan, Mama, kore shar."

"Kwanansu goma sha ɗaya ba layi. Ni shugabar makarantar ta kira, don muryata kaɗai ta sani."

Na rasa inda zan sa kaina.

Ta ajiye goran a teburina. "Na ce mata laifina ne, tsufa. Kira ta yanzu. Amma ka fara da gaisuwa."