Alhaji Tanko Mai Tsaron Ƙasa

Duk wanda ya san Alhaji Tanko Sarkin Ruwa ya san yatsan nan nasa. Kuna tsaka da magana sai ya lashe shi, ya ɗaga sama, ya lumshe ido, ya ce, "Yau ruwa da fushi." A ina? A tsakiyar kasuwar Chow Kit, inda ruwan da ya fi kusa da shi na wankin kaji ne. Na taɓa ganin ya yi haka a cikin jirgin ƙasa, ƙofa a rufe, na'urar sanyi na busawa. Na ce, "Alhaji, iskar inji ce fa." Ya ce, "Habu, shi ya sa ka faɗi jarrabawa."

Ban ji haushi ba, don gaskiya ce. Karatu ya kawo ni Kuala Lumpur, karatun ya tsaya a shekara ta biyu, ni kuma na tsaya nan ina tsufa.

Ku yaranmu na unguwar Bukit Jalil, kuka da daddawa da busasshen kifi kawai kuka san shi da su. To kifin nan daga Kuala Perlis yake ɗauko shi, can arewa dab da iyakar Tailan, tafiyar wuni a bas. Garin ba wani gari ba ne. Gidajen katako a kan turaku, masallaci da ƙafafunsa cikin teku, sai ƙarnin kifi. Amma daga nan jiragen ruwa ke ƙetarawa tsibirin Langkawi. Bas ta sauke, jirgi ya kwashe: ma'aikata, 'yan yawon shaƙatawa, motocin shinkafa da kabeji da tukwanen gas. Alhaji yakan ce, "Ranar da ƙauyen nan ya ƙi tashi, mutanen tsibiri sai azumin dole." Ya haddace lokacin tashin kowane jirgi, ya san direbobin da sunayen 'ya'yansu. Kuma kullum sai ya tuna maka shi ɗan Yawuri ne, a cikin kwalekwale aka yanke masa cibiya.

Tafiyata ta farko da shi, matan malamai ne su bakwai suka ce ya raka su tsibiri sayen tangaran da turare, don can sun fi araha. Ni ɗan dako ne. Wayyo, ku zo ku ga mulki! Ya yanki tikiti, ya raba musu lemon tsami, ya ce kowa ta zauna a tsakiya ta kalli gaba. Ya kai su har bakin matakalar jirgi, sai ya ja ya tsaya.

Hajiya Rabi, babbar cikinsu, ta ce, "Alhaji, bismillah mana."

Ya ce, "Ku je, Habu na nan. Wa zai tsare mota?"

Ta ce, "Wace motar? Ai a bas muka zo."

Ko gezau. Ya ce, "To wa zai tsare ƙasa?"

Muka je muka dawo, muka tarar da ƙasa na nan lafiya, shi kuma ya cinye kwano biyu na taliyar kifi.

Wata rana kuma ya tsaya yana yi wa wani dattijon direban jirgi gyara a kan ɗaurin igiya. Mutumin da ya yi furfura a kan teku! Dattijon ya yi dariya, ya ce, "Haji, boleh lah, ba komai, hau kyauta, ka zauna kusa da ni ka koya mini." Na ce a raina, yau dai an kama shi. Alhaji ya dafa kafaɗar dattijon cikin tausayi, ya ce, "Ina son ka, shi ya sa ba zan shiga ba. In yaranka suka ga yadda nake tuƙi, raina ka za su yi."

Ni ba na iya haɗiye magana, kun sani. A hanyar dawowa na ce, "Alhaji, shekara shida ina binka, ban taɓa ganin ƙafarka a jirgi ba. Tsoro kake ji."

Ya juya yana kallon gonakin shinkafa ta taga. Sannan ya ce, "Ubana tela ne. A bayan tashar mota muke. Sau ɗaya aka sa ni a kwalekwale ina ɗan shekara bakwai, na suma tun ba a kwance igiya ba." Ya riƙe hannuna. "Habu, a garin nan ba ni da digiri, ba ni da mota. Sunan nan kawai gare ni. In ka faɗa, na koma Tanko mai daddawa."

Na ce zan yi tunani. Ban faɗa ba, amma na ci kifin banza na shekara uku.

Daga baya na samu aikin wanke-wanke a wani otal a tsibirin. Wata na huɗu zazzaɓin sauro mai karya ƙashi ya kwantar da ni. Asibiti suka sallame ni ina tafiya da bango, mai otal ya ce gadona wani ya shiga. Na buga wa mutum goma sha ɗaya waya, wasu cikinku na karanta wannan. Wannan yana da jarrabawa, wancan ya ce "sori bros," wani ya turo mini hoton hannu yana addu'a. Na gode, hoton ya yi mini amfani sosai. Na kira Alhaji a ƙarshe, ba don ya zo ba, don dai a san inda gawa take.

Washegari da azahar ina kwance a benci a tashar jirgin tsibiri, sai na ga ana fito da wani abu mai launin ruwan lemo. Rigar ceto biyu, ɗaya kan ɗaya. Ido a rufe gam, baki na karanta duk surar da ya sani har da ta neman aure, wata tsohuwa 'yar Malay na jan sa da bakin lema kamar makaho. Hularsa na hannunsa, kuma ba zan faɗi abin da ke cikinta ba.

Ya buɗe ido ɗaya ya gan ni. Ya ce, "Tashi, ɗan banza. Ka zaɓi ciwo a bayan ruwa, duk faɗin ƙasar Allah!"

Na ce, "Alhaji, wa ka bar wa tsaron ƙasa?"

Ya ce, "Rufe mini baki, akwai komawa."

A komawar, ni mara lafiya ni na riƙe shi. Farcensa na nan a damtsena har yau. Da muka taka Kuala Perlis ya durƙusa ya dafa siminti da hannu biyu, ya daɗe. Sannan ya miƙe, ya lashi yatsa, ya ɗaga, ya ce, "Direban nan bai iya ba." Sati uku ina ɗakinsa a unguwar Sentul yana ɗura mini kunu, yana gaya wa masu zuwa dubiya yadda ya ceci jirgi daga igiyar ruwa.

Alhaji, ka yafe mini, yau na faɗa. Na riƙe tsawon ranka, amma ba zan bari a binne wannan tare da kai ba. Ba ka iya ruwa ba, ko kaɗan. Amma cikin mutum goma sha biyu kai kaɗai ka ƙetaro.

Allah Ya jiƙan Alhaji Tanko, Ya yafe masa ƙaryar kwalekwale. Saura masa ƙetarawa ɗaya. Ya Allah Ka riƙe hannunsa a kan Siraɗi, Ka sa ya wuce ido buɗe, ba tsoro. Amin.