Ranar da Arzika Ya Kasa Cewa Albarka

Da damanar bana yayana Arzika ya cika shekara talatin da takwas a ƙasa. Ni ƙaninsa yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, har girata ta yi fari. Amma duk ranar da na kunna rediyo na ji manyan ƙasashe suna toshe wa juna kasuwa, wannan ya lafta wa kayan wancan haraji, wancan ya rama, shi nake fara tunawa. Bai yi boko ba. Ni aka kai lakwal, shi aka bar wa hauya. Ina tuna shi ne saboda kalma guda da ya fi kowa iya faɗi a kasuwar Madawa, kuma ina tsaye ranar da ta maƙale masa a wuya.

Duk wanda ya taɓa ciniki ya san kalmar. Mai saye ya taya, in tayin bai yi maka ba ka ce albarka. Ba zagi, ba ɗaga murya, ka ƙi mutum kana yi masa fatan alheri. In tayin ya yi, ka ce ka sallama. Arzika yakan faɗi tasa albarkar a hankali, yana duban wani wuri, kamar an tambaye shi lafiyar gida, sai ka ga mai saye ya fara gumi yana ƙari da kansa. Har suna aka laƙaba masa, Arzika Albarka. Abokan wasansa suna cewa ko fura matarsa Hajo ta miƙo masa sai ya ce albarka tukuna, sannan ya tuna tasa ce.

Garinmu yana gefen fadama, a ƙasar Madawa. Farkon shekarun saba'in abin kuɗi a wurinmu auduga ce da gyaɗa. Mai saye ɗaya ne, sikeli ɗaya, farashi kuma an riga an yanke shi a wata ƙasa da ko sunanmu ba a sani ba. In ya faɗi sai a ce mana kasuwar duniya ce ta lalace, wai wasu manoma a ƙetaren teku gwamnatinsu ta tallafa musu sun cika ko'ina da kaya, ko kuwa Turawa sun sami wani man girki da ya fi namu araha. Arzika ya taɓa tambayata, da sunan nan Mushe da ake kiran malamin lakwal, da gaske kuma yake, ko da yake bakinsa da murmushi: "Mushe, wace rana kasuwar duniyar ga ka ci? In tahi in ga mai tayin nan da idona."

Wata shekara ya kai audugarsa gaban sikeli, malamin awo ya faɗi kuɗi, shi kuwa ya ce albarka. Wurin ya ɗauki dariya. Malamin ya ce masa to ya kai wa wanda ya fi. Ya ɗora kayansa kan jaki ya koma gida, kai a sama. Audugar ta zauna a ɗaki, Hajo ta kaɗa abin da za ta iya, ɓeraye suka ɗebi nasu rabon, daga ƙarshe ya mayar da sauran ga sikelin nan, a kan kuɗin nan. Da na zo hutu ya ce mini: "Wurin da mai saye guda na, ba ciniki aka yi ba, amsa aka yi." Bai ƙara shuka auduga ba.

Ya koma albasa, kuma ya dace. Albasa tana da masu saye barkatai, daga Sakkwato, daga Kano, wasu har daga bakin teku. Ya yi rudu, ɗakin nan na kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasa, ya daina sayarwa lokacin da kowa ke sayarwa. Sai kaya sun yi ƙaranci ya buɗe ƙofa, ya zauna bakin rudu yana rabon albarka kamar goro. Shekarun nan su ne na jin daɗinsa, su ne kuma na jin daɗin ƙasa, don kuɗin yuraniyom sun shigo. Ina koyarwa a Tawa, albashi yana zuwa kan kari, na sayi ɗan babur mobilet, na zo gida ina cika baki wai Nijar ta haye. Ya tambaye ni mutum nawa ke sayen ƙarfen. Na yi ta kewaye-kewaye. Ya ce: "To kaɗa ta, Mushe, sai dai ita ƙarƙashin ƙasa taka tsira." Kaɗa ita ce auduga a bakinmu, wato ƙarfen ma auduga ce. Na ji haushi ranar, kuma ba a daɗe ba masu sayen suka ja baya, gine-ginen gwamnati suka tsaya rabi da rabi.

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Arzika ya hango ramin da ƙasa za ta faɗa, bai ga wanda yake haƙa wa kansa ba. A lokacin Najeriya na cikin daular man fetur, man mota da muke kira isansi da taki da hatsi suna kwararowa da araha. Ya yi lissafi ya ga rudu guda na albasa yana sayen hatsin da gonar tudu ba ta ba shi. Sai ya ba da gonar mahaifinmu aro, ya sayi injin ban ruwa, ya tattara ƙarfinsa duka a fadama. Rumbun ƙasa da mahaifinmu ya gina ya tsage, bai ko liƙe shi ba. Hajo ta yi magana, ta ce: "Malam, albasa ba ta yin tuwo." Ya ce mata kasuwa na nan. Da na tambaye shi in aka rufe iyaka fa, dariya ya yi har da riƙe ciki. Wace iyaka? Gwaggonmu a Sabon Birni take aure, harshenmu ɗaya, kiran salla ma wani lokaci na can ake ji. A wurinsa iyaka wasan 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ce kawai. Masu sayensa da yawa ne, gaskiya, amma kusan dukkansu ta hanya guda suke zuwa, abincin gidansa ma ta hanyar nan yake shigowa.

Aka rufe ta kuwa. Sojojin da suka karɓi mulki a can suna da nasu ciwon kai, man fetur ya faɗi, bashi ya yi musu katutu, suka datse iyaka da bazara, daidai lokacin da albasa ke shiga rudu. Ba wanda ya yi shawara da Arzika, ba ma wanda ya san da shi. Ya ce wasa ne, za a buɗe. Sai damana ta zo ba ruwa. Hatsi ya ƙone a gona, wanda ke kasuwa ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, wanda ake satar hanya da shi kan jakai bai kai ya kawo ba. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba. Tun daga bakin gari kake jin warin da ke fitowa daga rudu.

Ina gida hutu ranar da wani Alhaji ya zo da kamiyo, babbar motar kaya, cikin 'yan ƙalilan da ke bi ta yamma su kai kaya bakin teku. Da hantsi ne. Mutane suka taru kamar yadda suka saba, don cinikin Arzika abin kallo ne. Alhajin ya leƙa rudu, ya toshe hanci, ya yi wani tayi da ko almuru ba a yi wa mai tumatir. Kowa ya juya ga Arzika yana jiran kalmar. Na ga leɓensa ya motsa. Sai ya waiga wajen gida, ga Hajo tsaye bakin darni da ƙwarya a hannu, ba komai cikinta, kuma an kwana biyu ba a ji ƙarar turmi a gidan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Na sallama."

Mutane suka dubi juna. Shi kansa Alhajin sai da ya ɗan dakata, don ga dukkan alamu tayin farko ne, ya zo da shirin ƙarawa. Bai ƙara ba. Har yau in na tuna dakatawar nan sai zuciyata ta tafasa, kuma ban san wa zan fi jin haushi ba, shi, ko masu makullin iyaka, ko yayana da ya bar rumbu ya tsage.

Abin da ya biyo baya duk ɗan Adar mai shekaruna ya san shi. Jar dawar taimako, layi cikin rana, buhuna da tutocin ƙasashen nan dai da ke yanke wa kayanmu farashi. A layin taimako ba a cewa albarka, an gode kawai ake cewa. Hajo ta bi mata zuwa Kaita aikin jera duwatsu a samu abinci, aikin nan nata ne ya riƙe gidan har aka fita daga yunwar. Arzika bai ƙara zama bakin rudu ba, ciniki sai dai ya aiki wani. Ya karɓo gonar tudu, ya kwaɓa ƙasa ya gyara rumbu da hannunsa. Da aka buɗe iyaka mutane suna ta murna, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Ya rasu da damana, hatsinsa ya fara fitar da kai, bai ga rumbun a cike ba. An ce zazzaɓi ne, na kuma yarda, amma mutumin da muka binne ya daɗe da rage tsawo.

Me zai ce da ya ga yau? Mun kori tsohon abokin nan da ya taɓa mulkarmu, ban kuma zubar masa da hawaye ba, don na san sikelinsa. Mun yi sababbi, matasa suna yawo da tutocinsu a kan babura. Na san Arzika ba zai tambayi launin tuta ba. Zai tambaya mutum nawa ke taya kayanmu, ta hanya nawa suke fita, me ke cikin rumbu in an toshe hanyar. Manya in suna faɗansu kowa sai ya zo mana da fara'a yana neman mu tsaya bayansa, kuma lokacin ne kaɗai ƙaramar ƙasa ke da damar ja wa kanta daraja, ta saurari wannan, ta saurari wancan, ta ce albarka har a ƙara. Amma mai jin yunwa ba ya jan ciniki. Ƙasar da ba ta ciyar da kanta, ba ta iya adana albasarta, ba ta sarrafa ko rabin abin da take haƙowa, duk jawabin da za ta yi a rediyo na sallama ne da babbar murya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun riga mun biya kuɗin wannan karatu, da yunwa muka biya, aka sake rufe mana iyaka shekarun baya kaɗan, muka yi ta mamaki kamar ba a taɓa yi ba.

Na je gida bayan sallar layya. Hajo ta daɗe da bin mijinta. Rumbun na nan tsaye, har da shatin yatsun Arzika a jikin yaɓen. Jikansa Illa ne ke riƙe da gidan, magidanci mai 'ya'ya huɗu, manomin albasa, ƙwararre kamar kakansa. Na sa ya ɗaga mini murfin rumbun. Tiyon ban ruwa ne a ciki, da tarin buhunan shinkafar waje waɗanda aka cinye. Gonar tudu an ba da ita aro.

Muna nan tsaye wayarsa ta yi ƙara. Mai saye ne, yana cewa hanya ba kyau, motoci sun yi cirko-cirko a iyaka, ga abin da zai iya bayarwa. Illa ya rufe wayar da tafin hannu ya ce: "Kaka, mi za ni ce mishi?" Kalmar tana bakina, ita ce kaɗai gadon da yayana ya bar mana. Na sake duban cikin rumbun. Illa ya jira ni kaɗan, sannan ya mai da wayar kunne ya ce ya sallama.

Allah ya jiƙan Arzika. Mu da muka rage, Allah ya ba mu abin da za mu tsaya a kai mu ce albarka.