Tauraro a Ƙirjin Andrawus

Duk wanda ya yi Kirsimeti a Kafanchan a shekarun da suka biyo bayan rikicin 1987, da wuya a ce katin gaisuwa na Selina bai ratsa hannunsa ba. Mu a gidan haya Maman Leonard muke ce mata. Ɗakinta na kallon nawa, igiyar shanyarmu ɗaya, don haka na sha kwashe zanena da ɗigon shuɗi a jiki. In yi ta masifa, ita kuwa ta ce "sori" ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ba ta da shago. Tsohon silifas take tsinta ta wanke, ta sassaƙa da reza ta fitar da hatimi: kurciya, ƙararrawa, gicciye, da wata tunkiya da kowa ke ce wa kare, ita kaɗai ta ƙi yarda. Ta dangwala a tawada ta buga a kan farin kwali. Manyan zane kuwa da fim take yi, wato baƙin hoton ƙashin nan da asibiti ke zubarwa idan ya tsufa, wata mai shara ce ke tara mata. Ta huda taurari a jikinsa, ta ɗora a kan kati, ta tsoma tsohon buroshin haƙori a ruwan bula ta karta da babban yatsa, feshin ya bi ta hudojin. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin tsoron haƙarƙarin bayin Allah da take yankawa. Ta ce ta daina kallonsu tuntuni, ita dai roba ce mai ƙwari da ba ta jiƙewa.

Mijinta Andrawus ya sha hayaƙin kwal a reluwe tun yana saurayi. Da aka rage ma'aikata, abin da ya dawo da shi gida tari ne. Daga nan katin ya koma ciyar da su. Ma'aikatan reluwe 'yan ƙabilar Ibo ne manyan masu saye, su aika gida ta hannun masu tafiya a jirgi, to jirgin ma ya soma zuwa yadda ya ga dama. Selina ta riƙa bin coci-coci da kwando a ka, ta dawo da ƙafa a kumbure, ta zauna yanka.

Duk da haka ba ta bar Andrawus ya huta ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ja shi kyamis, ta ja shi wurin addu'a, ta ja shi wurin wani mai sassaƙe a bayan garin Gidan Waya wanda maganinsa ya kusa ƙarasa shi. Shi mutum ne marar gardama. In ta ce tashi, sai ya nemi hularsa. A ƙarshe ta kai shi wani asibiti a Jos, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ga tabo a huhun hagu, ya ba da magani, ya ce su dawo bayan sabuwar shekara da wannan hoton. Idan tabon ya ƙaru, sai tiyata. Idan yana nan yadda yake, tsohon ciwo ne, a ƙyale shi. Selina ta adana hoton a ambulan cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin kayan aurenta.

Disambar 1991 ta zo mata da wahala. Mai sharar ta bar aiki ta koma ƙauye, tsofaffin fim ɗin duk sun tsattsage, ga zumuntar matan coci sun ba ta aikin kati mai yawa. Ta ɗaga katifa, inda take shimfiɗa fim don kada su nannaɗe, sai ga guda ɗaya lafiyayye. Ina ji ta ce "Na gode Yesu" da ƙarfi. Ta yanka babban tauraro a gefe guda, ƙanana kewaye da shi. Katin shekarar ya yi kyau, ni ma da nake kushe mata komai na sayi biyu.

Ana gobe za su koma Jos ta buɗe akwati, ta tarar da ambulan babu komai. Ta birkice ɗakin. Can ta tsaya cak, ta ciro fim ɗin taurari daga kwando ta ɗaga shi ga rana. Sunan mijinta na nan a kusurwa, bula ta kusa rufe shi.

"Maman Hellen, na kashe shi," ta ce mini. "Da hannuna. Ni ne ya ajiye, ni ne ya yanka. Kaina ya lalace."

Muka wanke fim ɗin da sabulu. Na bi su Jos, don ban yarda ta kai kanta a wannan hali ba. Tun daga tasha take ba Andrawus haƙuri, shi kuwa yana kallon taga.

Aka ɗauki sabon hoto. Likitan ya jera su biyu a kan fitila, haske ya fito ta taurarin nan tas. Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Mama, wurin da nake nema ke nan kika cire," ya ce, ya sa biro a tsakiyar babban tauraron. Ya ce ba zai yanka mutum a kan zato ba. Su je su dawo bayan bikin Ista, a sake ɗauka a gwada da na yau.

Muka fito muka zauna a benci, muna jiran nas ta ba da ranar dawowa. Selina ta durƙusa a gabansa, cikin mutane, tana kuka. Andrawus ya gama sa maɓallin rigarsa tukuna.

"Tashi, Maman Leonard. Ba kai ne ba. Ni na cire shi a akwati na sa a ƙarƙashin katifa."

Ta ɗago.

"Na ga kana neman fim. Na ce in ya lalace, za ka bar ni in zauna a gida. Ban san za ka wanke shi ka kawo ba. Ba na son opireshon. Na gaji da mota, na gaji da cire riga."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki. Amma na dubi wuyansa a cikin rigar da ta yi masa yawa, sai tausayi ya kama ni.

Selina ta tashi ta zauna kusa da shi, fim ɗin a cinyarta. "To ai da ka gaya mini da baki, Baban Leonard."

"Na gaya. Tun na Gidan Waya nake gayawa."

Nas ta leƙo ta kira sunan Andrawus. Ta sake kira. Shi da kansa ya miƙa hannu ga hularsa kamar kullum, yana jiran matarsa ta ce tashi. Selina ta dafa gwiwarsa da shuɗin yatsanta, ba ta ce tashi ba, har nas ta kira mai bi masa.